A koya wa 'yan mata buroshi kafin a miƙa musu kwalbar jan farce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita, ina neman ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana a kan wani ƙaramin kayan aiki da ke hana 'ya'yanmu mata cin moriyar sana'ar da suka sha wahalar koyo, wato buroshin kwalliyar farce.

Ni mai ƙunshi ce a Unguwar Rimi, nan cikin Kaduna. Na tashi na ga kakata tana kwaɓa lalle tana zura wa amare hannu a zunguru, na ga zamanin salatif, sannan na koyi zane da 'yar leda mai tsini. Shekara 14 ke nan ina ci da wannan sana'a, 7 daga ciki na haɗa da aikin farce, don amaren yanzu in sun zo suna so a gama musu komai a zama ɗaya.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, wata Talata kwanakin baya wata yarinya 'yar maƙwabtanmu ta shigo wurina da jakar kayan aikin da aka ba ta ranar da aka yaye su daga koyon sana'a. Idonta ya ciko da hawaye. Ta ce, "Anti, ni dai na haƙura. Hannuna ne ba shi da kyau. Duk layin da na ja sai ya karkace, jiya ma wata ta sa na goge mata, ta tafi ba ta biya ni ba." Na ce ta zazzage jakar in gani. Akwai fitilar busar da jel, wato shafin farcen nan mai kauri da haske ke daskarar da shi, akwai kwalaben jan farce kala-kala, akwai hodar gina farce da ruwanta, sai wata leda mai buroshi 15. Na ɗauki wanda ta ce da shi take zane. Bakinsa ya rabu biyu kamar harshen maciji, gindin gashin kuma ya ƙame. Na tambaye ta da me take wanke su, ta ce duka da asiton, ruwan nan na goge jan farce. Da wanne take ɗibar hoda? Sai ta nuna min na jel. Na ce mata, "Ƙanwata, share hawayenki. Ko ni aka ba wannan, layina sai ya karkace." Na miƙa mata nawa da farcen roba na gwaji. Hannunta yana rawa, amma layin ya miƙe samɓal. Sati 6 ta yi tana zuwa aji, an koya mata gogar farce da mannawa da kunna fitila, amma ba a taɓa zaunar da su an ce wannan buroshin na kaza ne, wancan na kaza ba.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ana koyon fiƙe alƙalami tare da koyon rubutu, kuma mai zayyana ba ya jan siririn layi da alƙalamin da yake cika fili da shi. Ban san dalilin da zai sa a raina wannan ilimi don kawai ya zo kan farcen mata ba.

Bari in fara da mai tsadar, na akirilik, don a nan aka fi yin asara. Aikin akirilik, wato gina farcen kanti a kan na asali, haɗin ruwa ne da hoda. Ana tsoma buroshi a ruwan, a matse gefe ɗaya a bakin ɗan kofin gilashi, a taɓa hodar da tsininsa, sai ta jiƙa ta dunƙule ta zama ɗan curi a bakin buroshin. Daga wannan lokacin ya fara daskarewa, cikin 'yan mintoci ya zama dutse. Saboda haka ana buƙatar gashin da zai riƙe ruwa a cikinsa yana saki kaɗan-kaɗan, kuma ya saki curin a kan farce ba tare da ya liƙe masa ba. Gashin da ya fi iya wannan shi ne wanda ake kira kolinski. Daga wutsiyar wata 'yar dabba mai kama da tunku ake samunsa, wadda ke rayuwa a Saiberiya ta ƙasar Rasha da arewacin Sin, kuma gashinta na lokacin sanyi ya fi kyau. Kowane sili yana da kauri a tsakiya, ya sirance a baki, jikinsa kuma da wani ɓawo-ɓawo da ido ba ya gani, wanda shi ke riƙe ruwan. In an jiƙa shi sai ya tattaru ya yi tsini ɗaya, in an danna an saki sai ya koma yadda yake. Ana sayar da shi lamba-lamba, kuma ga 'yar koyo lamba 8 ko 10 ta isa. Manyan, daga 12 zuwa sama, na masu saurin hannu ne. Suna kwasar ruwa da yawa, in hannu bai goge ba sai ruwan ya malale ya taɓa fatar gindin farce. Lambobin kamfanoni ma ba ɗaya ba ne, 10 ɗin wani ya yi 8 ɗin wani, don haka a duba da ido.

Na san zafin jabu a jikina. A shekarata ta biyu da fara farce na sayi wani a wani shago cikin gari, an rubuta kolinski a jikinsa ɓaro-ɓaro, kuɗinsa kuma bai kai rabin wanda na saba saye ba. Na ji daɗi, na ɗauka sa'a na yi. Ranar da na fara aiki da shi, wata amarya ce daga Barnawa, jibi za a ɗaura mata aure a coci, ta zo tare da mahaifiyarta. Ban kai yatsa na uku ba hodar ta fara taruwa a cikin gashin. In na ɗora curi sai ya biyo buroshin ya dawo. Farcen ya fito tudu da kwari, dole na yi ta gogewa har yarinyar ta fara cewa tana jin zafi. Aikin awa 2 ya kai mu har bayan magariba. Na ce wa uwar, "Mama, ki yi haƙuri, ba zan karɓi kuɗin wannan aiki ba." Ta yi min kara ba ta ce komai ba, amma ba su sake dawowa ba, kuma amarya ɗaya ƙawaye goma ce. Da suka tafi na zare sili ɗaya na kunna masa ashana. Narkewa ya yi ya dunƙule baƙi ƙirin, yana warin ƙonanniyar leda. Nailan ne aka rina. Gashin dabba na gaskiya warin babbaka yake yi, irin na kan rago ranar sallah, ya zama toka da za ki murje da yatsa. Sai dai wannan gwaji nailan kawai yake tonawa. Akwai masu rina gashin akuya ko na doki su ce kolinski ne, su kuma a ruwa ake kama su, don ba sa yin tsini mai kyau, kuma in an danna su sai su kwanta ba su tashi ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ni ranar na ji ma'anar karin maganar.

Tunda na taɓo jabu, dole in faɗi na ruwan, don shi da buroshi tafiyarsu ɗaya. Asalin farcen akirilik daga ɗakin likitan haƙori ya fito. Wani likita a Amurka mai suna Fred Slack ne ya gyara karyayyen farcensa da kayan aikin haƙori a shekarun 1950. Ruwan da masu haɗa haƙoran roba ke aiki da shi, wanda ake kira MMA, bai dace da farce ba. Tun farkon shekarun 1970 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ɗauki mataki a kan kayan farce na zallar MMA saboda koke-koken lalacewar farce da ciwon fata. Ruwan da ya dace shi ne wanda ake kira EMA. Amma da yake MMA ya fi araha, har yau ana ɗura shi a kwalabe marasa rubutu ana sayar wa 'yan koyo. Alamarsa wari mai hawa kai, kuma farcen da aka yi da shi yana yin tauri fiye da kima, da ƙyar asiton ke narka shi. In mace ta buge shi a ƙofar mota, maimakon na kantin ya karye sai ya ɗago da nata na asali. Yana kuma ƙamar da buroshi da wuri. A karanta jikin kwalba, a nemi lambar NAFDAC, kwalbar da ba ta da rubutu kuwa a bar wa mai ita.

Sabon buroshin akirilik yana zuwa a sandare saboda wani ɗanko da ake shafa masa don kada ya lalace a hanya. Sai an murza shi a hankali da yatsa har farin garin ya kakkaɓe duka, sannan a tsoma a ruwan akirilik a share a tishu sau da yawa. Wadda ba ta yi haka ba za ta ga aikinta yana yin rawaya-rawaya ta rasa dalili. Daga ranar kuma yatsa ya daina taɓa gashin. Ana cikin aiki, duk curin da aka ɗora a share buroshin a tishu kafin a ɗebo wani. In an gama, da ruwan akirilik mai tsabta ake wanke shi, a gyara masa tsini, a kwantar da shi. Asiton yana tsotse maiƙon gashin dabba, ya bar shi a bushe yana karyewa, yana kuma cin fentin mariƙin da gam ɗin da ke riƙe gashin a cikin wuyan ƙarfe. Kada a tsayar da shi a kofi baki a sama yana jiƙe, ruwan zai gangara cikin wuyan ya taru. In kuwa an yi sakaci hoda ta daskare a ciki, a jiƙa shi a ruwan akirilik na wasu awanni har ta yi laushi a share. Na ga masu ƙwaƙule ta da allura ko farce, suna tsinka gashin da suka biya kuɗin ƙunshin mutum uku suka saya. Wanda nake aiki da shi yanzu ya shiga shekara ta uku a hannuna.

Yanayin garinmu ma yana da hannu a ciki, kuma duk bidiyon da yaran ke kallo a waya ba a Kaduna aka ɗauke su ba. A zafin Maris da Afrilu akirilik yana daskarewa da sauri, ruwan kuma yana tsanewa daga kofi, balle in fanka na kaɗawa a kan tebur. Lokacin nan nakan ɗebi ƙananan curi, in juya fankar ta kalli bango, amma taga a buɗe don warin ya fita. Da hunturu kuma, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura ce abokiyar gaba. Buroshin da aka bari a buɗe na rabin yini zai kwashi ƙurar da za ta fito ƙuru-ƙuru a cikin farin jel. Nawa a akwatin fensir na ƙarfe suke kwana, irin na 'yan firamare.

Shi buroshin jel ba ya buƙatar tsada. Na nailan ne ya dace da shi, gajere mai faɗin baki, lamba 4 ko 6, don jel yana da kauri kamar zuma, ana tura shi ne a shimfiɗa. Abu ɗaya ke kashe shi, haske. Jel ba ya bushewa da iska, hasken fitilar nan ne ke daskarar da shi, kuma irin wannan haske yana cikin hasken rana. Idan aka ajiye buroshi mai jel kusa da bakin fitila tana kunne, ko a tebur inda rana ke shigowa ta taga, ya tashi aiki ke nan. Yarinyar da na ba da labarinta, ranar da babu wuta a tsakar gida take zama ta yi gwaji don ta ga haske, buroshinta 4 suka mutu a haka. A saya mai murfi, a share shi da ɗan jel marar launi ko ɗan sipirit a tishu, a rufe. Kada a yi amfani da auduga, zarenta yana maƙalewa.

Sai na zane, wanda shi ne na fi so, don shi ya fi kusa da ƙunshi. Sirara ne, ana auna tsawon gashinsu da milimita: akwai 5, 7, 9, 11, har zuwa 20 da sama. 'Yan koyo suna tsoron dogon, suna ganin gajere ya fi saukin juyawa, sai su yi ta fama da layi yana rawa. Alhali dogon gashi ne ke jan miƙaƙƙen layi, saboda yana kwanciya a kan farce yana bin bayan hannu, ya shanye rawar yatsu kafin ta kai tsini. Gajeren na fure ne da ganye da lanƙwasa. Ana ɗiga launi a kan fale-falen ƙarfe ko gilashi, a ja buroshin a ciki har ya jiƙa daga gindi zuwa baki, a mirgina shi ya yi tsini. A kafa ɗan ƙaramin yatsa a kan hannun mai zaman, wato wadda ake yi wa aikin, kamar yadda muke yi da ledar lalle. In layin zai zagaye farce, yatsan mai zaman ake juyawa, buroshin na tsaye a wuri ɗaya. In gashi ɗaya ya fita daga sahu, a yanke shi ɗaya tak daga gindi, kada a taɓa tsinin da almakashi. Ɗigo-ɗigo kuwa ba sai an sayi komai ba, tsinken sakace da kan fil suna yi. Akwai kuma wani mai arha mai karkataccen baki da nake ware wa asiton, na share gefen farce in launi ya fita. Shi kaɗai ne asiton ya halatta a gare shi a teburina.

Wannan siririn buroshi ya warware min wata matsala da ta shafi yawancin masu zuwa wurina. Jan farce da jel da akirilik duk suna rufe farce su hana ruwa taɓa shi, don haka 'yan'uwa Musulmi ba sa yi sai a kwanakin da ba sa salla, ni ma kuma ba na ɓoye wa kowa wannan don son kuɗi. Lalle kuwa rina farce yake yi, ba ya barin komai a kai bayan an wanke. Sai na fara tace jan lalle da kyau, in kwaɓa shi da ɗan ruwa-ruwa, in zana shi a farce da buroshin milimita 7, rabin wata a gindi ko siririn layi a baki. Bakin leda ba ya iya wannan ƙanƙantar. Na ware wa lallen buroshinsa daban, da ruwa da sabulu ake wanke shi nan take. Masu son launi ranar kamu ko dina kuma, nakan zana musu a farcen kanti tun kafin ranar, a manna da ɗan gam mai fuska biyu, in lokacin salla ya yi a ciro a yi alwala. Wata Hajiya daga Malali da ta kawo 'yarta ta ce min, "'Yata, Allah ya yi miki albarka, kin raba ni da rigima da babanta."

Akwai maganar lafiya da ba zan tsallake ba. Jel da ruwan akirilik da ba su daskare ba, in suna yawan taɓa fata, jiki yana iya ƙin su. Sai ƙaiƙayi da ƙuraje da tsagewar fata a yatsu, wani lokaci har a fatar ido, farce ya fara ɗagowa daga nama. Ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan haka a 2018. Wadda jikinta ya kamu ba ta rabuwa da shi, kuma dangin waɗannan sinadarai ne ake cike haƙori da su, don haka matsalar tana iya bin mutum har asibiti. Buroshin da bakinsa ya baje shi ke shafa wa fata jel ba a sani ba. Mu masu aikin mun fi kowa shiga haɗari, musamman masu gyara tsinin buroshi da yatsa ko share shi a bayan hannu. Na san wata abokiyar sana'a da ta bar farce gaba ɗaya saboda wannan, ta koma ɗinki. Babban buroshin kakkaɓe ƙura kuma, wanda ke bin fatar kowa, a wanke shi da sabulu a fesa masa sipirit tsakanin mutum da mutum. Yatsan da ke da ciwo ko farcen da ya yi kore a ƙarƙashi, ba na kai buroshina kansa, asibiti nake tura mai shi.

Roƙona ga masu shirya koyar da sana'a a jihar nan, na hukuma da na ƙungiyoyi, Allah ya saka musu da alheri a kan abin da suke yi, amma su ware ko yini 2 ne a kan buroshi kaɗai. Kuɗin ledar nan mai guda 15, wadda rabinta ba za a taɓa amfani da su ba, a ƙara kaɗan a sayi guda 4 masu kyau: na akirilik, na jel, dogon na zane da gajere. Masu shagunan kayan kwalliya kuma su ji tsoron Allah, in nailan ne a ce nailan ne. Yana da amfaninsa, za mu saya da sunansa. Kai kuma Malam Edita, rubutun da ke jikin waɗannan kaya da Turanci ne ko da rubutun Sin, yawancin yaranmu ba sa iya karantawa. Da shafin mata zai riƙa gayyatar masu sana'a suna bayanin kayan aikinsu da Hausa, masu ƙunshi da masu kitso da masu ɗinki, da an taimaki gidaje da yawa.

Yarinyar nan yanzu duk Asabar tana zuwa wurina bayan la'asar. Mun ceto guda 5 daga cikin 15 ɗin. Ta shiga adashen 'yan layinmu, kwasarta ƙarshen wata ne, kuma na yi mata alkawarin raka ta Babbar Kasuwa da 'yar kwalbar ruwa a jakata mu zaɓo lamba 8.

Wassalam.

Daga mai ƙunshi da kwalliyar farce,
Unguwar Rimi, Kaduna.